Layin da Ya Karkace a Kwamfutar Auta

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Karatu a jikin buhun siminti na koye shi, rubutu kuwa da ƙusa a kan ɗanyen filasta. Magini ne ni. Na taɓa faɗowa daga saman bene na miƙe na karkaɗe wando na koma bakin aiki. Bango ya taɓa rufto mana, aka tono ni ina zagin wanda ya kwaɓa ƙasar. Ciwon da ya kwashe sa'annina da yawa ya zo kaina ya gaji ya tafi. Amma abin da aka fi sanina da shi ido ne. Ba na ɗaukar igiyar awo. Sai in ja baya, in kanne idon hagu, in saita na dama a kan gini, in ce bulo kaza ya leƙo, kuma in an auna haka ɗin ne. Injiniyoyi masu farar hula sun sha jin kunya a gabana.

Wannan idon ne 'yata ta ɗauka aiki bayan na ajiye cokalin gini.

Auta muke kiranta, don ita ce ta ƙarshe. Tun tana yarinya na kawo mata wata kwamfuta da aka jefar daga wani ofis da muke yi wa gyara, mai ƙaton gilashi da ƙeya kamar ta tsohuwar talabijin. A kanta ta koyi duk abin da ta sani. Yanzu tana wani gari mai nisa tana aiki, kwamfutar kuwa tana nan a ɗakin baya, kan teburin da na haɗa da hannuna, kusa da taga.

Sai in bayyana aikin yadda ta bayyana mini. A cikin kwamfutar akwai wani kati, shi ne mai zana duk abin da ake gani a gilashi. Katin ba ya jin maganar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta sai da tafinta a tsakani, tafintan nan shi suke kira direba, kuma rubutu ne zalla, dubban layuka. Kamfanin da ya ƙera katin ya daɗe da rufewa. Auta ce ta karɓi riƙon direban, ita ke gyara shi duk lokacin da babbar manhajar ta sauya. Mutane ne barkatai a duniya suke haɗuwa suna gina manhajar nan, a buɗe, kowa na iya leƙawa ya karanta, ya ɗauka kyauta. Suna da wani zaure a intanet inda suke magana, duk abin da aka faɗa a can yana nan har abada.

Na ce mata, "Wato ki yi gini, ki bar ƙofa a buɗe, kowane ɗan iska ya shigo ya taɓa miki bango?"

Ta ce, "Ya taɓa, Baba, amma sai na duba na yarda."

"Su waye ma ke amfani da wannan tsohon katin?"

"Ƙananan makarantu, shaguna, masu tsofaffin injuna. Suna nan, ba sa magana ne kawai."

Rashin maganarsu shi ne matsalar. A zauren akwai babbansu mai karɓar komai na ɓangaren hoto, ni na sa masa Mai Ƙofa. Dokarsa ita ce direban da ba wanda ke gwada shi a kan katin gaske, cire shi za a yi, don yana tare wa sababbi hanya. Katin da Auta take da shi a can ya ƙone. Ya rage saura nawa na ɗakin baya. Ta shirya komai yadda daga can take shiga kwamfutar ta zuba sabon gyara, amma ba ta iya ganin abin da ya fito a gilashi. Ni ne mai gani. Sai ta bugo waya, in kunna, wani zane ya fito, layuka a tsaye da a kwance kamar ragar taga, in duba in ce lafiya ko ba lafiya. Ita kuma ta rubuta a zaure cewa an gwada. Da wannan kalmar tawa direban yake numfashi. Na faɗa wa duk layinmu. Mai shayi ya gaji da ji.

To, ran nan da hantsi ta bugo kamar kullum. Na kunna, na ja kujera baya, na kanne ido. Layukan tsakiya sun lanƙwasa, kamar an danna ragar da babban yatsa, ga wani ɗan duhu-duhu a wurin.

"Auta, sun ɓata miki aiki."

"Kamar yaya, Baba?"

"Tsakiya ya yi ciki. Da ni na ba da wannan ginin, da na sa an rushe."

Ta ce in ɗauki hoto. Na ɗauka da 'yar wayata, ya fito da baƙaƙen zane-zane a kwance. Ta ce wannan irin gilashin haka yake fitowa a hoto ko yana lafiya, ba a dogara da shi.

"Ka tabbata, Baba?"

"Ni kike tambaya? Idon da ya tsayar da benaye?"

Maiɗakina tana tsakar gida tana shanya, ta ɗaga murya ta ce, "An fara."

Suna da wata dabara ta gano mai laifi, kuma na yaba mata, don haka muke neman inda bututu ke yoyo a cikin bango. Duk gyare-gyaren da mutane suka shigar tun lokacin da abin yake lafiya, sai a raba su biyu, a gwada tsakiya. In lafiya, laifin yana gaba. In ba lafiya, yana baya. A sake rabawa, a sake, har a rage guda. Kowane gwaji sai Auta ta zuba, ni in duba. Haka muka yi ta yi, wani ta same ni ina cikin hira da baƙi in leƙa in ce lafiya, wani ta same ni a natse in zauna in auna sosai in ce ya karkace. Tana rubutawa, tana rabawa.

Aka rage guda. Gyaran wani mutum ne da ban san ƙasarsa ba, na sa masa Mai Tsintsiya, don aikinsa share tsofaffin rubuce-rubuce da sake jera su. Gyaran nasa babba ne, sababbin katuna da yawa suna jiransa.

Nan na ga abin da ya ba ni mamaki. Ashe suna da doka mai tsauri: in gyaranka ya ɓata wa ko mutum ɗaya abin da yake aiki jiya, za a janye shi, ko kai waye. Auta ta rubuta a zaure, Mai Ƙofa ya janye gyaran Mai Tsintsiya. Saboda ni! Tsoho a ɗakin baya, da silifa, na tsayar da aikin masu digiri a ƙasashen da ban san sunansu ba. Ranar da ta ce in duba bayan an janye, ina tsaye da kofi a hannu, na leƙa na ce, "Ya miƙe sak." Na fita na zagaya layi. Har wanzami sai da na tsayar.

Mai Tsintsiya bai yarda ba. Auta takan karanta mini abin da ya rubuta tana fassarawa. Ya ce ya bi gyaransa layi-layi, babu inda ya taɓa lissafin da zai lanƙwasa hoto. Ya ce direba in ya ɓaci, hoto yakan yage ne ko ya yi rawa ko ya ɗauke, bai taɓa jin wanda ya yi ciki a tsakiya ba. Ya ce waye ma wannan mai gwajin?

"Ki ce masa ubanki ne. Ki ce masa lokacin da nake ɗora rufi uwarsa ba ta yaye shi ba."

"Ba a magana haka a can, Baba."

"To yaya ake yi?"

"Da hujja."

Rigimar ta yi tsawo. Mutane suka shigo, wasu suna cewa an tsayar da dubban masu sabon kati saboda tsohon ƙarfe guda. Wasu suna cewa doka doka ce. Har Mai Ƙofa ya gaji, ya ce a kawo ƙarshen abin. Sai Auta ta rubuta wata magana da sai daga baya ta gaya mini. Ta ce ta yarda da mai gwajinta fiye da yadda ta yarda da kanta. Ta ce a ba ta lokaci ta je ta gani da idonta, ta auna da na'ura. In laifin daga gyaran Mai Tsintsiya ne, shi zai gyara nasa. In ba daga can ba ne, ita da hannunta za ta cire direbanta daga manhajar, ta ba su hanya.

Da na ji na buga cinya. "Jinina ke nan! Haka ake yi wa masu raini."

Maiɗakina ta ce, "Kai dai Allah ya sa ba ka kai yarinya ka baro ba."

Auta ta iso wata ranar da rana tsaka, da jaka a baya da wani ɗan akwati mai wayoyi. Ko hutawa ba ta yi ba. Ta gaishe mu, ta sha ruwa, ta shige ɗakin baya. Muka bi ta. Ta maido da gyaran Mai Tsintsiya, ta kunna, ragar ta fito. Ta sunkuya ta ƙura ido. Ta ɗauko abin awo na roba ta ɗora a kan gilashin. Ta matsar da shi. Ta sake matsarwa.

"Baba, zo ka nuna mini wurin."

Na ja baya, na kanne, na nuna da yatsa. "Ga shi nan. Ko makaho ya gani."

Ta dubi gilashin, ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba. Ta kashe, ta cire gyaran mutumin, ta sake kunnawa.

"Yanzu fa?"

Na kanne. Cikin yana nan daram. Na ce, "Ai ba ki cire ba."

"Na cire, Baba."

"Ba ki cire ba, ga shi ina gani."

Sai ta zo ta tsaya a bayana, ta sa tafin hannunta ta rufe mini idon dama. "Buɗe na hagun."

Na buɗe. Layuka suka miƙe tsaf, daga sama har ƙasa, babu ciki, babu duhu. Ta ɗauke hannu ta rufe na hagun. Suka lanƙwasa. Ta juya ni na fuskanci taga, ta bar hannunta a wurin. Ƙarafan tagar, waɗanda ni na kafa su da kaina, suka yi ciki a tsakiya. Na dubi ƙofa, ta yi ciki. Na dubi fuskar maiɗakina, hancinta ya goce gefe, rabin bakinta ya shiga duhu.

Na faɗo daga bene ban ji abin da na ji a lokacin ba. Na zauna a bakin tebur.

"Inna lillahi," in ji maiɗakina. "Idon ne?"

Na ce, "Ba idon ba ne. Hasken ɗakin ne."

Auta ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta riƙe kai.

Can ta ce, "Amma rabon da muka yi ya kai mu ga gyaransa. Wasu gwaje-gwajen ka ce lafiya. Ta yaya?"

Maiɗakina ta ce, "Wannan ai ni zan gaya miki. In kin bugo yana cikin surutu, da ido biyu yake leƙawa ya dawo. In ya tashi nuna gwaninta ne yake jan kujera ya kanne. Na sha gani ta taga."

Auta ta yi wata irin dariya da ba daɗi a cikinta. "Wato ido biyu, na hagu ya rufa wa na dama asiri. Mun yi ta raba aikin mutane a kan ko Baba yana hira ko ba ya hira."

Ni dai ina ta buɗe wannan ina rufe wancan, ko abin zai gyaru. Bai gyaru ba.

Sai na ce, "To shi ke nan. Abin ya tsaya a ɗakin nan. Ki rubuta musu cewa kin zo kin taɓa wata waya, ya warke. Waye zai sani?"

"Ni."

"Ke kuma 'yata ce."

"Baba, na sa an janye aikin mutum a gaban duniya. An ce masa mai ɓarna. Duk wanda ya nemi sunansa zai ga maganar."

"To a ba shi haƙuri a mayar masa da abinsa. Mene ne na cire naki? Ki ɗauki kwamfutar ki tafi da ita, ki riƙa gwadawa da idonki. Na ba ki. Har teburin."

Ta girgiza kai. "Ba kwamfutar ba ce yanzu. A can ba mu da komai sai magana. Ban taɓa ganin fuskar Mai Ƙofa ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba. In na rubuta an gwada, yarda yake yi. Na ce in ba laifinsa ba ne zan cire. In na tsaya neman hanya, gobe duk abin da na rubuta sai an sake dubawa."

"Shekarunki fa, Auta! Tun kina 'yar makaranta kike kan abin nan."

"Na sani."

Ta ciro ƙaramar kwamfutarta daga jaka ta ɗora a cinya. Ta rubuta, tana karanta mini da Hausa, wai kada in ce an yi a bayana. Ta ce ta zo ta auna, katin lafiya, gyaran Mai Tsintsiya lafiya. Ta ce mai gwajinta bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, ciwon ido ne ya same shi ba wanda ya sani. Ta ce laifin nata ne da ta gina hukunci a kan ido guda ba tare da awo ba. Ta ba mutumin haƙuri da sunansa.

Na ce, "Har ciwon nawa sai kin faɗa wa duniya?"

"In ban faɗa ba za su ce ƙarya ka yi."

Gara a ce idona ya lalace da a ce na yi ƙarya, wannan kam gaskiyarta.

Amsa ba ta daɗe ba, don a wasu ƙasashen lokacin suke tashi. Mai Ƙofa ya rubuta layi biyu kacal, ya gode, ya ce ya mayar da gyaran, yana jiran ta cire nata. Mai Tsintsiya kuwa, wanda na yi ta zagi, ya rubuto doguwa. Bai ce uffan a kan direba ba. Ya ce mahaifiyarsa ta yi irin wannan, layi ya riƙa lanƙwasa mata, suka yi sakaci. Ya ce a kai ni likitan ido yau, kada a bari gobe.

Na ce, "Wannan mutumin me ya haɗa shi da idona?"

Maiɗakina ta ce, "Ya fi ka hankali ne."

Sannan Auta ta yi abin. Na matsa kusa na kalla da ido biyu. Ta buɗe rubutun direban, ta yi masa alama gaba ɗaya, ya koma ja. Ta riƙa gangarawa, ja, ja, ja, ba ya ƙarewa. Wani wuri ta tsaya ta ce wannan ta rubuta shi ne a ɗakin nan, shekarar da rufi ya yi yoyo muka rufe kwamfutar da leda. Ta ci gaba. A ƙasa akwai wurin da sunanta yake a matsayin mai riƙo, shi ma ta sa masa ja.

"Mutanen makarantun fa? Gilashinsu zai ɗauke?"

"A'a. Wanda yake hannunsu zai ci gaba da aiki. Sabo ne ba za su ƙara samu ba. Rubutun ma yana nan a tarihi, in wani mai kati da ido ya tashi, ya ɗauka."

"Auta, tsaya. Ki bari zuwa gobe."

Ta dube ni, idonta ya cika, ta danna ta aika.

Na sha ganin ana rushe gini. Akwai ƙara, akwai ƙura, mutane suna ja da baya, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Na tsaya ina jiran wani abu makamancin haka. Ko tari kwamfutar ba ta yi ba. Tsohuwar da ke kan tebur tana ta hura iskarta kamar kullum, a waje wani yana tallan ruwa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ta rufe ta cinyarta, ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe. "Sa takalmi."

"Ina za mu?"

"Asibiti."

Na ce ni da bango ya rufto mini ban kwana asibiti ba, ba zan je don ɗan layi ya karkace ba. Na ce ido ɗaya nawa ya fi biyun wasu. Ina cikin faɗa maiɗakina ta ajiye takalman a gabana, ta tsaya a kaina da hulata a hannu. Auta ta riga ta fita bakin titi tana tare mota. Na sunkuya na sa na dama, na lalubi na hagun, na bi bayanta.